Wasiƙa zuwa ga Aminu a Ingila kan takardar inshora

Aminu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Khalifa da yara. Mu nan Kano alhamdu lillahi, sai zafi da tsadar mai.

Saƙonka ya iso. Wato kamfanin inshorarka ya rubuto cewa wani ya ce ka daki motarsa ta baya a Landan, alhali ranar kana bakin aiki a Manchester, motar kuma tana ajiye a ƙofar gida. Ka ce share su za ka yi tunda Allah ya san ba ka yi ba. Wannan maganar ce ta sa na zauna na rubuto maimakon in kira, don ka samu abin da za ka riƙa komawa kana dubawa.

Kada ka share. A can shiru ma magana ce, kuma fassarar da za su yi masa ba za ta yi maka daɗi ba. Cikin yarjejeniyar inshora akwai sharaɗin da ya ba kamfani damar sasantawa da mai ƙorafi ko da ba ka yarda ba. In suka ga biya ya fi musu sauƙi a kan shari'a, biya za su yi, laifin ya hau kanka. Ragin da ka tara na shekarun da ba ka yi hatsari ba ya zaftare, kuɗin sabuntawa ya haura, kuma sauya kamfani ba zai cece ka ba, domin suna da rumbun bayanai guda mai suna CUE da suke dubawa, inda maganar kan zauna shekara 6.

Saboda haka yau ɗin nan ka kira su, sannan ka bi da imel, ka ce ka musanta, babu kai babu motarka a wurin. Ka nemi rana da lokaci da sunan titi, da hotunan da mutumin ya kawo. Ka ɗauki motarka hoto ta kowane ɓangare, musamman gaba, ka ce su aiko injiniyansu ya duba. Ko fenti kada ka taɓa kafin ya zo. Ka karɓi shaidar shiga aiki ta ranar, ka duba tarihin wuraren da ka je a Google Maps. In maƙwabci ko shagon layinku na da kyamara, ka roƙe su da wuri, yawanci hoton ba ya wuce wata guda ake gogewa.

Mai yiwuwa kuskure ne kawai, mutum cikin ruɗewa ya rubuta lamba da harafi ɗaya ba daidai ba. Amma ni na fi zargin an kwafi lambarka. Ɓarayi kan nemi mota iri ɗaya, launi ɗaya, sau da yawa daga hotunan tallan motoci a intanet, su buga lambarta su manna wa tasu. Duk ta'asar da suka yi, takarda gidanka za ta zo. Ka lura ko wata tarar gudu ko ta fakin ta taɓa zuwa daga garin da ba ka je ba. In haka ne, kira 101, layin 'yan sanda na abin da ba na gaggawa ba, ka karɓi lambar rahoto daga gare su, ka sanar da DVLA, hukumar rajistar motoci ta can. Ɗan tabo ko sitika da ke jikin taka, wadda babu a hotonsu, ita ce za ta raba gardama. In kuma ƙarya ce tsagwaronta aka shirya don cin kuɗi, hukumar IFB tana da layin tona asirin masu damfarar inshora, ba sai ka faɗi sunanka ba.

Na san halinka, shi ya sa zan ja kunnenka a nan. In mutumin ko lauyansa ya kira, kada ka shiga ba da haƙuri, kada ka ce a zo a daidaita. Mu a nan in an yi karo, mutane su taru, a ce wane yi haƙuri, a rankaya wajen mai gyaran bodi, magana ta mutu. Inshorar ma ta naira 15,000 da muke yanka tun 2023, wadda a ƙa'ida take biyan ɓarna har miliyan 3, yawancinmu don 'yan sanda muke ajiye ta. Can kuwa kalma guda ta ladabi sai a riƙe ta a matsayin amsa laifi. Duk abin da ya zo, tura wa kamfaninka ba tare da ka amsa ba.

Takardar kotu ita ce ba ta jira. Kwana 14 ake bayarwa. In suka wuce ba amsa, ana iya yanke hukunci a bayan idonka, sunanka ya shiga rajistar masu bashi shekara 6, ga ka kuma da burin sayen gida. Ranar da ta zo, ranar za ka miƙa wa kamfanin inshorarka, ka tabbatar sun amsa.

In kamfanin ya yi maka riƙon sakainar kashi, shigar da ƙorafi a rubuce. Mako 8 gare su su ba da amsar ƙarshe. Daga nan kana da wata 6 ka kai ga Financial Ombudsman Service, hukumar da ke raba gardama tsakanin jama'a da irin waɗannan kamfanoni, kuma kyauta ne. Idan an wanke ka, ka nemi takardar da ta ce an rufe ba laifinka, a gyara bayanin CUE, a mayar maka da raginka da duk ƙarin da suka caje ka. Kafin nan, in an tambaye ka wajen sabuntawa, faɗi cewa akwai ƙorafin da kake musantawa. Ɓoyewa na iya sa a soke inshorar gaba ɗaya.

Turo min hoton takardar in karanta da kaina. Hajiya tana gaishe ku, ta ce a tambaye ka ko da Babbar Sallah za ku zo.

Naka,
Bashir