Ganuwar Offa: "ban sani ba" bai isa hujja ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan ganuwar Offa, wadda ke kan iyakar Ingila da Wales. Na taka wani yanki nata kusa da garin Knighton, kuma tun ranar abin yake raina.

Offa ya mulki Mercia, wata tsohuwar masarauta a tsakiyar Ingila, daga 757 zuwa 796. Shi ne sarkin da ya sa aka buga dinarin zinariya da rubutun Larabci, kwaikwayon na Halifa Mansur, da sunan Offa a tsakiya. Ganuwar da ake jingina masa tudun ƙasa ce zalla, da rami ta yamma, wato ɓangaren mutanen Wales. A wasu wurare tsayinta ya haura mita 2. Da hannu aka haƙa, da hannu aka tara. Yau akwai hanyar ƙafa mai kilomita 285, daga kusa da garin Chepstow a kudu zuwa garin Prestatyn a arewa, da aka buɗe a 1971, tana bin ganuwar a wurare da dama.

Abin da ya fi ƙona min rai ya faru a 2013 kusa da garin Chirk da ke Wales. Aka sa injin haƙa aka baje kimanin mita 45 na ganuwar, duk da tana cikin kayan tarihin da doka ta kare. Ba a gurfanar da kowa ba. A lokacin, mutum na iya kare kansa da cewa bai san wurin yana da kariya ba. Aikin da ya haura shekara 1,200 a tsaye, a ce rashin sani ya wanke wanda ya rushe shi? Sai a 2016 majalisar Wales ta yi dokar da ta ƙuntata wannan mafaka.

Dokar ta yi kyau, amma ba ta wadatar ba. Mafi yawan ganuwar a gonakin mutane take. Garma na cin gefenta, shanu da tumaki na tattaka ta, ruwan sama na zaizayewa. Wajibi ne hukuma ta je wa manomi har gida, ta nuna masa iyaka, ta tallafa masa da kuɗin kula da ita.

Wanda ya ga yadda gine-gine da masu ɗibar ƙasa suka ci ganuwar Kano zai gane damuwata. Don Allah, Edita, ku aika wakilinku Chirk ya ɗauko mana labarin, da hotuna.

Naku,
Wani mai karatu, daga Birmingham