Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da fikop mai amfani da man gas

Zuwa ga Manajan Darakta,
da Shugaban Sashen Gyara na reshenku na Kano.

Assalamu alaikum.

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan Gumel da Maigatari ina kaiwa Dawanau. Shekara biyu ke nan da na sayi fikop mai amfani da man gas a wajenku, sabuwa fil, kuma tun daga ranar ban taɓa yarda wani bakanike ya kwance ko noti ɗaya a jikinta ba sai a garejinku, domin abin da takardar garanti ta ce ke nan. Sau biyu na kai muku takarda ofis da hannuna, na buga lambar da kuka ba mu har na gaji, amsar kullum ɗaya ce: oga ba ya nan. Shi ya sa na fito da maganar fili. Ban ambaci sunan kamfaninku ba saboda haƙƙina nake nema. Kun san kanku, kuma takardun aikin motata suna cikin fayil ɗinku.

Da motar ta cika kilomita 40,000 na kawo ta sabis kamar yadda aka saba. Aka yi juye, aka canza filtar baƙin mai da ta man gas, na biya, na tafi. Bayan kamar wata ɗaya direbana ya fara ce mini da safe sai ya daɗe yana murza makulli kafin ta tashi, in ta tashi kuma sai ta riƙa karkarwa kamar mai jin ɗari. Lokacin sanyi ya fara shigowa, sai muka ɗauka na sanyi ne. Ranar wata Alhamis, ya taso daga kasuwar Maigatari da lodin riɗi, yana zuwa wajen Gujungu sai fitilar inji ta kama, mota ta ƙi jan wuta. Ya taka totur har ƙasa amma tana tafiya kamar amalanke. Bai yi nisa ba ta mutu a gefen titi. A nan ya kwana yana gadin kaya, washegari na turo wata mota aka sauke buhunan, janwe ya jawo tawa zuwa garejinku.

Ma'aikacinku ya jona kwamfuta, ta nuna lamba P0087. A gabana ya karanta ta, ya juyo ya ce nozul, wato masu fesa mai cikin inji, su ne suka tafi, dukkan huɗun, kuma mugun mai ne ya kashe su, saboda haka garanti bai shafe su ba. Ba a ɗebi man an duba ba. Ba a buɗe filta ba. Daga jona kwamfuta zuwa yanke hukunci ba a yi minti goma ba. Ni kuma kakar riɗi na tsaka, kowace rana asara ce, sai na biya kuɗin nozul huɗu da na aiki ban yi musu ba.

Kwana tara ta yi tana aiki, ta sake mutuwa da ciwo iri ɗaya. Na biyun aka ce bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji ne ya toshe da baƙin toka, aka wanke, na biya. Ko Gezawa ba ta kai ba ta dawo. Na ukun aka miƙo mini takardar kuɗin sabon tobo, na'urar da ke cusa wa inji iska.

A nan ne na tsaya na fara tambaya, kuma abin da na koya daga tsofaffin kanikawan gas ya ɓata mini rai fiye da kuɗin da na kashe. Wannan lamba P0087 abu ɗaya take faɗa: matsin mai a bututun da ke raba wa nozul ya yi ƙasa da yadda kwamfutar mota take nema. Ba ta kama sunan wani ƙarfe ba. Filta toshasshiya tana kawo ta. Iska in ta shiga layin mai tana kawo ta. Bawul ɗin da ke auna man da ke shiga famfon matsa mai in ya maƙale, ko wanda ke sakin matsi in ya fara yoyo, ko famfon kansa in ya cinye, ko nozul in suna mayar da mai tanki fiye da ƙima, duk lambar ɗaya ce. Bakanike mai sanin aikinsa yakan faro daga tanki ya biyo layi, daga abu mai araha zuwa mai tsada. Ko nozul ɗin ma akwai gwajinsu, ba mai wahala ba: a jona ƙananan kwalabe huɗu a bakin da mai ke komawa, a bar inji ya yi aiki na ɗan lokaci, a ga wacce ta fi cika. Wanda ya lalace zai nuna kansa. Na tambayi shugaban garejinku ko an yi wannan gwaji kafin a ce in sayi huɗu, sai ya ce kwamfuta ba ta ƙarya. Gaskiya ne ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta ce nozul ba, ballantana tobo. Tobo aikinsa cusa iska ne, in ya gaza baƙin hayaƙi ake gani, wani lokaci da kuka kamar jiniya ko shuɗin hayaƙi in yana shan baƙin mai. Motata ba ta yi ko ɗaya ba.

Sai na ce ba zan biya komai ba sai an buɗe gidan filtar man gas ina tsaye. An yi ta kai-komo kafin a yarda. Wani yaro cikin masu koyon aiki aka sa. Da ya kwance ƙaramin famfon da ke ƙasan gidan filta ya tara gorar ruwa da aka yanke wa kai, abin da ya fara zubowa ruwa ne, ja-ja kamar na kududdufi, sai daga baya mai ya biyo ya hau kansa. Ya ɗaga gorar a rana, sai ga wasu ƙananan abubuwa a cikin man suna ƙyalli kamar garin kwalli. Garin ƙarfe ne. Sannan ya sa hannu bayan gidan filtar ya zaro wata waya tana lilo: soket ɗin na'urar da ke gane ruwa, a cire, an soke shi a bayan wani bututu. Cikinsa ya cika da jar ƙura har ta daskare, irin wadda ba a tarawa a kwana biyu. Babu wanda ya taɓa wannan wuri tun ranar da aka canza filta a garejinku. Garejin ya yi tsit. Ina roƙonku da Allah kada a huce a kan yaron nan, abin da aka sa shi ya yi, kuma shi kaɗai ne cikinku ya nuna mini gaskiya.

Yallaɓai, ba na musun cewa ruwan ta hanyar mai ya shiga. Duk mai motar gas a ƙasar nan ya san haka na faruwa: tankin gidan mai na ƙarƙashin ƙasa yakan tara ruwa musamman bayan damina, mai na jarka ba a san inda ya kwana ba, ko tankin motar kansa yakan yi gumi daga ciki in ana barinsa rabi dare ya yi sanyi. Waɗanda suka ƙera motar sun san da wannan, shi ya sa suka sa mata matarar ruwa a ƙasan filta, da fitila a gaban direba. Ruwa ya fi man gas nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, in ya taru fitila ta kama. Direba ya tsaya, ya kwance ɗan famfon, ya danna famfon hannu na saman filta har mai zalla ya fito, ya ɗaure. Aikin minti biyar ne kuma ba a kashe ko kwabo. Direbana ya iya, ya taɓa yi a shekarar farko. Wannan karon fitilar ba ta kama ba domin hannun ma'aikacinku ya cire ta bai mayar ba, ruwa ya cika matarar ya tsallaka zuwa famfon matsa mai.

Kun fi ni sanin abin da hakan ke nufi a injin zamani. Tsofaffin motocin gas da iyayenmu suka yi sufuri da su suna haƙuri da mai maras kyau na ɗan lokaci. Waɗannan sababbin kuwa famfonsu yana matsa mai ya haura 1,500 a ma'aunin matsi na bar, alhali iskar tayar motar ba ta wuce bar 2 zuwa 3 ba. Ƙofofin da mai ke fita a bakin nozul kaurinsu bai fi na silin gashi ɗaya ko biyu ba. Kuma man gas ɗin shi ne ke shafe cikin famfo da nozul, yana hana ƙarfe cin ƙarfe. In ruwa ya maye gurbinsa sai tsatsa da gogayya, famfo ya fara zubar da garin jikinsa, garin ya bi bututu ya shiga nozul, ya bi layin komawa ya sauka tanki, daga tanki ya sake zagayowa. Maganinsa sananne ne: a canza famfo, a sauke tanki a wanke, a wanke ko a canza bututan, a sa sabuwar filta, sannan a ɗora nozul. Ku kuwa kun ɗora mini sababbin nozul huɗu a kan famfon da ke niƙa kansa, a cikin layin da ke cike da garin ƙarfe. Kwana tara suka yi. Kuɗina ne aka zuba a rijiya, kuma da an buɗe filta ranar farko da hakan bai faru ba.

Akwai kuma maganar tsofaffin nozul ɗina. Na nemi a ba ni su, aka ce an zubar. Kaya nawa ne, da kuɗina na saye su tare da motar, kuma su ne kaɗai shaidar da za a kai wa mai injin gwaji ya faɗi ko sun mutu ko da ransu aka cire. Sababbin ma ina da tambaya a kansu. Kowane nozul na irin wannan inji yana zuwa da lambarsa a jiki, wadda ake shigar wa kwamfutar mota domin ta san yadda za ta auna masa mai. Na duba takardar aikin da kuka ba ni daga sama har ƙasa ban ga inda aka rubuta an yi hakan ba.

Kalmar "mugun mai" ta zama mafaka a garejinku. Na zauna a ɗakin jira na ji an faɗa wa mutum biyu ita a rana ɗaya. Tun 2022 da kuɗin man gas ya ninka a ƙasar nan muke jin jiki, kuma ba mai son ya sayi mai da tsada ya kashe injinsa. In har mai ne, ku ɗeba a gaban mai mota, a zuba a kwalba biyu a rufe, ɗaya taku ɗaya tasa, a gwada, a ba shi sakamako a rubuce. Ni ina ajiye rasit na duk inda muka sha mai. Da kun ba ni irin wannan takarda da na san hanyar hukumar NMDPRA da ke sa ido a kan gidajen mai. Amma ku faɗa da baki kawai, ku soke garanti da baki kawai, wannan ba adalci ba ne.

Wani abu kuma da ya daɗe yana ci mini rai. Ranar da aka miƙa mini makulli an ɗauki hoto, an ba ni hula da littafi mai kauri cikin Turanci, amma ba wanda ya zauna da direbana ko na rabin awa. Yawancin masu tuƙa motocin da kuke sayarwa a Arewa Hausa suke karantawa, wasu ajami. Takarda guda mai shafi biyu ta isa: ga ma'anar kowace fitila, ga yadda ake tsiyaye ruwa, a duba filtar iska akai-akai lokacin hunturu, a bar inji ya ɗan huta minti ɗaya ko biyu bayan doguwar tafiya kafin a kashe saboda tobo, mai bin hanyar burji da lodi kada ya jira cikar kilomitan mai yawo a cikin gari kafin ya yi juye. Wannan na ƙarshe yana cikin littafin naku, a shafin da ba mai kaiwa.

Yau kwana arba'in da bakwai motata ba ta fita aiki ba. Kakar riɗi ta wuce ina hayar motocin mutane, manoman da muka yi shekaru muna hulɗa wasu sun sayar wa wanda ya riga ni zuwa, ban kuma ga laifinsu ba. Direbana mai mata da 'ya'ya biyar yana zaune, ina ba shi abin cefane daga aljihuna domin ba shi ya jawo ba.

Abin da nake nema a wajenku shi ne ku gyara layin man motar gaba ɗaya, daga tanki zuwa nozul, a kan kuɗinku, tunda daga sabis ɗinku ɓarnar ta samo asali. Ku dawo mini da kuɗin nozul huɗu da na wankin bawul. Ku ba ni rahoto a rubuce mai sa hannu, wanda ya faɗi abin da aka gani a gidan filta ranar da aka buɗe, har da soket ɗin da aka samu a cire. Duk ƙarfen da za a cire daga yanzu a ajiye mini shi. Kuma garantina ya ci gaba yadda yake. Asarar kasuwa ban sa ta a lissafi ba tukuna.

Na ba ku kwana goma sha huɗu daga ranar da wannan wasiƙa ta fita. In ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, tare da rasitai, takardun aiki guda uku, hoton soket ɗin, da gorar man nan mai ruwa da garin ƙarfe, wadda na rufe bakinta na ajiye a gida. Ban so ta kai mu can ba. Motar tana nan a harabarku kusa da katanga, ƙura ta rufe gilashinta, makullin yana hannun shugaban garejinku, lambar wayata kuma tana saman kowace takarda a fayil ɗin.

Wassalam.

Naku,
Mai sayen riɗi da zoɓo daga Gumel, Jihar Jigawa.