Sanarwa kan hirarmu ta Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. In sha Allahu ranar Asabar bayan Isha'i hirarmu kan mai binciken sirri mai zaman kansa ne a labaran Turawan Ingila, da Sherlock Holmes za mu fara. Arthur Conan Doyle, likita ne fa, shi ya ƙirƙiro shi a 1887, a labarin gidan Holmes na lamba 221B Baker Street a Landan.

Ni abin da ke burge ni, mutumin ba ɗan sanda ba ne, ba kaki ba oga, mutane ke hawo masa bene da damuwarsu, ya kalli laka a takalminka ko yadda hannun rigarka ya goge ya gaya maka sana'arka da inda ka fito, kuma ƴan sandan Scotland Yard, wato hedikwatar ƴan sandan Landan, in abu ya cije musu wajensa suke zuwa. A 1893 marubucin ya gaji ya kashe Holmes a cikin labarin, masu karatu suka yi ca, a 1903 ya dawo da shi da rai.

Kowa ya zo da ra'ayinsa, me ya sa masu karatu suka fi yarda da shi kan hukuma? Don Allah banda turo talla lokacin hirar.