A Koya wa Ɗalibai Haɗa Ƙaramin Injin Tururi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili domin in ja hankalin malaman kimiyya na sakandare kan haɗa ƙaramin injin tururi, wato fasahar da James Watt ya inganta a 1769, wadda kuma ta ja jirgin ƙasan da ya fara shiga Kano a 1911.

Kayan haɗin ba su da wuyar samu. Gwangwanin madara shi ne tukunyar tafasa ruwa, siririn bututun tagulla na wurin masu gyaran firji zai kai tururi cikin sirinjin gilashi, sandar sirinjin kuma ta juya faifan ƙarfe ta hanyar lanƙwasasshiyar waya, nauyin faifan ya maido da ita baya. Ruwa idan ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 1,700, wannan ƙarfin ne ke tura sandar. Sirinjin roba bai dace ba, zafi yana lalata shi.

Abin da ya fi damuna shi ne tukunyar. Wajibi ne a yi mata mafitar tururi, a zafafa ta da kyandir kawai a gaban malami, domin toshasshen gwangwani yana iya fashewa ya ƙona yaro.

Wassalam,
Wani malamin kimiyya, Zariya