Jibi Zan Bar Alƙahira

Zuwa ga aminina Bello, a Mabera, Sakkwato.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya kuke fama da zafi? Na san war haka ko gindin dogon yaro ba ya ceton mutum da azahar.

Jibi, in Allah ya kai mu, zan bar Alƙahira. Jidda za mu sauka, in yi umara, sannan in wuce Madina inda karatu ke jirana. Shi ya sa kwanakin nan ban yarda na zauna a ɗaki ba, kullum ana sallar asuba nake ɗaura takalmi.

Na je Giza na ga dalar da ka dame ni a kanta. Babbar, ta Fir'auna Khufu, shekarunta sun kai wajen 4,500, kuma tsawonta na asali mita 146 ne. Na jingina da dutse guda na layin ƙasa, ya kawo mini ƙirji. Wani mai raƙumi ya so ya cuce ni, mun yi ciniki kafin in hau, da za a sauke ni ya ninka kuɗin, sai da na tsaya kai da fata. Abin al'ajabi ne dai, na gani, na ɗauki hoto, na dawo. Masallacin Ibn Tulun ya fi kwanta mini, wanda aka gama a shekarar 879. Matakalar hasumiyarsa ta waje take, tana nannaɗe ta, kuma tsakar gidansa shiru kamar ba a tsakiyar birni kake ba.

Amma abin da ya sa na ɗauko alƙalami daren nan daban ne. Jiya bayan la'asar na je ƙabarin Imam Suyuɗi. Bello, ka tuna zauren Malam da azumi? Mu biyu a ƙarshen tabarma, alaramma na jan baƙi, Malam na fassara, Jalalaini a buɗe a cinyarsa, bangon duk ya ci an manne shi da ƙyalle. Sau nawa muka ji ya ce "in ji Suyuɗi"? To ga ni tsaye a gabansa, a wani ɗan gini maras ado kusa da dandalin Sayyida A'isha, motoci na ta hon a waje, ƙura a kan taga. Mutumin da ya rasu tun 1505. Malaminsa Mahalli ya fara tafsirin, ya rasu bai kammala ba, shi kuma ya ƙarasa rabin da ya rage, daga Baƙara zuwa Isra'i, cikin kwana arba'in, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Sa'anmu ke nan fa! Shi ne kuma ya taɓa rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ka ga ashe ya san da mu tun kafin mu san da shi. Na yi sallama, na yi masa addu'a, na yi wa Malam, na yi wa Baba, Allah ya jiƙansa. Wallahi sai da hawaye suka zubo mini. Rabona da jin irin wannan nauyin a ƙirji tun ranar da muka shiga Hubbare tare, muna yara.

Daga can na taka zuwa bayan masallacin Azhar, inda masu sayar da littattafai suke jere. Na sayo wa Malam sabon Jalalaini mai manyan baƙi, don na san idonsa ya fara rauni. Wani ɗalibi ɗan Gawon Nama zai dawo gida ƙarshen wata, shi zan ba, zai kira ka. Don Allah kai da kanka za ka kai, kada ka aika yaro. Ka durƙusa ka faɗa masa inda na je, ka ce na ambaci sunansa a wurin.

Gobe zan shiga kwalekwale a Nilu da marece, in ci koshari na ƙarshe, in haɗa kaya. Ka gaida Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. In na isa Madina zan turo maka sabuwar lambata.

Naka har kullum,
Nasiru