Zuwa ga Malamin da ya tambaye ni wa nake yi wa fim

Assalamu alaikum Malam. Ran Asabar da aka gama haska fim ɗina ka miƙe cikin jama'a ka ce fim ba waƙa, ba jarumi, ba labari, wai wa na yi wa shi? A wurin bakina ya yi nauyi, shi ya sa na rubuto.

'Yan dakon kasuwar Mile 12 ta Legas na yi wa. Wata uku ina sammako kasuwar nan tun ƙarfe 4 na asuba, lokacin da motoci ke isowa daga Arewa da kwandunan tumatir, in kafa kyamara waje guda in ƙyale ta. Wurin da ka ce ya gundure ka, minti 9 ba yanka, bawan Allah ɗaya na ɗaukar kwando yana direwa yana komowa, gammonsa ya jiƙe sharkaf, to ai haka aikin yake Malam. In na datse shi ya koma sakan 10 na sa masa kiɗa mai sanyi wallahi na yi masa ƙarya, na mai da wuyansa kayan ado.

Ban raina Kannywood ba, da kaset ɗinsu na tashi. Amma wanda ya zuba kuɗi shi ke cewa a ƙara waƙa, a kawo wance saboda fuskarta na saida fim. Ni bidiyon biki nake ɗauka a Agege, abin da ya ragu bayan haya da shi nake nawa, ba mai ce min cire ko ƙara.

Inda tambayarka ta taɓa ni shi ne wurin nunawa. Pen Cinema, tsohon gidan sinima na Agege, suna kawai ya rage, sai gadar sama da aka buɗe a 2021. Irin namu sai Freedom Park, tsohon kurkukun nan na Broad Street, kuma wane ɗan dako zai bar lodi ya tsallaka can tsibirin Legas kallon fim? Don haka na ɗauki hayar majigi da janareta, na ɗaura farin zani a bayan rumfar albasa. Mutumin da ke cikin minti 9 ɗin nan yana zaune gaba, bai ce uffan ba sai da aka gama, ya ce ashe haka nake ɗingishi ban sani ba, ya roƙa a tura wa matarsa a waya.

Juma'a mai zuwa bayan Isha zan sake nunawa a wurin. Ka zo da takalmin da ba ka tausayi, akwai caɓi.