Wasiƙa zuwa ga aminina kan masu tuno rayuwar da ta gabata

Aminina Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga bidiyoyin nan sun tafi da hankalinka: a kwantar da mutum, a yi ta lallaɓa shi da magana har ya shiga wani hali tsakanin barci da farke, sai ka ji ya ce wai ya taɓa zuwa duniya a wani jiki, har da kuka. Ka ce kukan ne ya ɗaure maka kai, don bai yi kama da na ƙarya ba. Ni ma ban ce ƙarya suke yi ba. Ƙwaƙwalwa kan saƙa wa mutum labari, shi kuma ya rantse a kansa.

Harkar nan ta daɗe. A 1952, a jihar Kolorado ta Amurka, wani ɗan kasuwa mai suna Morey Bernstein ya sa wata matar aure, Virginia Tighe, cikin wannan hali. Ta ce ita Bridey Murphy ce, an haife ta a ƙasar Ayalan a 1798, har lafazinta ya koma irin na mutanen can. Littafin da ya fitar a 1956 ya yi kasuwa sosai. 'Yan jarida suka bi sawu har Ayalan, ba su samu takardar haihuwar Bridey ɗin ba, balle ta mutuwarta. Can sai aka gano lokacin da Virginia take yarinya a Shikago, akwai wata mata Bridie Murphey Corkell da ke zaune tsallaken titin gidansu. Ga alama abin da kunnen yarinya ya kwasa ne ya kwanta shekaru, ta manta inda ta ji shi, da ya taso sai ta ɗauka nata ne.

Wanda ya fi gamsar da ni shi ne Nicholas Spanos na Jami'ar Carleton a Kanada, a binciken da ya wallafa a 1991. In aka faɗa wa waɗanda za a sa cikin wannan hali tun farko cewa mutum kan dawo a wani jinsi ko wata ƙabila, labarinsu sai ya bi wannan hanya. In kuwa aka tambaye su wa ke mulkin ƙasar da suka ce sun rayu a cikinta a zamanin, ko wane kuɗi ake kashewa, sai a fara kame-kame. Ka taɓa ganin wanda ya girma a ƙasa bai san kuɗinta ba? Kai, har Ian Stevenson na Jami'ar Bajiniya, wanda ya ƙarar da rayuwarsa kan yara masu irin wannan iƙirari, bai amince da wannan hanya ta kwantar da mutum a lallaɓa shi ba.

Batun zuwa a gwada maka da ka kawo, nan ne hankalina bai kwanta ba. Tun 1985 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yi gargaɗi cewa abin da aka tuno ta wannan hanya ba abin dogaro ba ne, kuma mutum kan fito yana ƙara sakankancewa ko da kuskure ne. In rashin barcin nan ne ke tura ka, fara ganin likita tukuna, ka sanar da ni yadda kuka yi.

A gaida uwargida da yara.

Naka,
Bala